Rayuwar sojojin ruwan Amurka a Sin da Filifin kafin yaƙin duniya na biyu

Malam, ka ce ka ga tsofaffin hotunan sojojin ruwan Amurka sanye da fararen kaya, sun harɗe cikin keken da mutum ke ja a titunan Shanghai, shi ne kake tambaya ko rayuwar sojan ruwan da aka girke a ƙasar waje kafin yaƙi hutu ce kawai da yawon buɗe ido, ko kuwa akwai abin da hoton bai nuna ba. Tambayar ta cancanci a zauna a amsa ta da kyau, kuma zan amsa ta ne da misalin da na fi daɗewa ina nazari a kai, wato rundunar ruwan da Amurka ta ajiye a gabashin Asiya, musamman daga 1927 zuwa ƙarshen 1941. Jin daɗin da ka gani gaskiya ne, mutanen sun ci sun sha sun sa sutura fiye da takwarorinsu da ke gida. Sai dai jin daɗin yana da mafari da ya kamata a sani, yana da waɗanda suka ɗauki nauyinsa a kafaɗunsu, kuma ya sa mutanen sun saba da wata rayuwa wadda ba ta shirya su ga abin da ya zo daga baya ba.

Dole a fara da dalilin zamansu a can. A 1898 tsibiran Filifin suka shiga hannun Amurka, saboda haka Manila da ma'aikatar gyaran jirage ta Cavite su ne gidan rundunar. A ƙasar Sin kuwa yarjejeniyoyi ne suka ba su ƙafa: ta 1844 ta hana kotunan Sin hukunta Ba'amurke, ta Tientsin ta 1858 kuma ta buɗe kogin Yangtze ga jiragen Turawa. Sinawa har yau suna kiran waɗannan takardu yarjejeniyoyin rashin daidaito, kuma sunan ya dace da su. Rundunar kanta ƙarama ce. Akwai babban jirgin yaƙi guda wanda kwamanda ke zaune a ciki, Houston daga 1931, sai Augusta daga 1933 zuwa 1940, sannan Houston ya dawo. Akwai ƙananan jiragen yaƙi masu bututun hayaƙi huɗu, ragowar ƙirar yaƙin duniya na farko, waɗanda a 1941 guda 13 ne. Akwai tsofaffin jiragen ƙarƙashin teku, da manyan jirage biyu, Black Hawk da Canopus, waɗanda suke zama maƙera da sito da wurin jinya ga ƙananan, sai kuma jiragen sintirin kogi. Duk da ƙanƙantar rundunar, kwamandanta yana ɗauke da taurari huɗu, domin aikinsa ya fi karkata ga zama da jakadu da manyan hafsoshin Birtaniya da Faransa da Jafan, kuma ba a so a ajiye shi a kujerar baya. Aikin jiragen shi ne a ga tutar Amurka, a kare 'yan kasuwa da 'yan mishan da rumbunan kananzir na kamfanin Standard Oil.

Yawancin ƙananan sojojin samari ne 'ya'yan manoma da leburori waɗanda karayar tattalin arzikin 1929 ta rufe wa ƙofa. A shekarun nan masu neman shiga sun yi wa guraben yawa ƙwarai, har rundunar takan zaɓi na zaɓa ta sallami sauran, don haka wanda aka ɗauka yakan riƙe aikin hannu bibbiyu. Kurtu yana farawa da dala 21 a wata, bayan 'yan watanni ya koma 36, idan ya yi gaba ya kai 54, babban ƙwararre mai igiyoyi kuma yana iya kaiwa 126. A 1933 gwamnati ta zabge kashi 15 cikin ɗari na albashin ma'aikatanta, har da su. Zuwa gabas kuma tafiya ce ta makonni a cikin jiragen jigilar soja irin su Chaumont da Henderson, a tsaya Honolulu, a tsaya Guam, kafin a iso Manila a rarraba mutane. Wanda ya iso ya san zai yi fiye da shekara biyu bai sa mahaifiyarsa a ido ba.

Shekararsu kashi biyu ce, kuma yanayi ne ke raba ta. Idan sanyi ya shigo arewacin Sin sai rundunar ta gangara Manila, a yi atisayen harbi, a shigar da jirage Cavite ko katafaren dandalin gyara mai yawo kan ruwa da ake kira Dewey a Olongapo, a kankare gindinsu a sake fenti. Idan zafin Filifin ya tsananta sai a ɗaga anga a yi arewa. Ƙananan jiragen yaƙi su sauka Chefoo, garin da yanzu ake kira Yantai, jiragen ƙarƙashin teku kuma su sauka Tsingtao, wato Qingdao ta yau, inda Jamusawa suka bar gine-ginensu da masana'antar giyarsu. Waɗannan garuruwa sun san lokacin zuwan baƙinsu kamar yadda manomi ya san faɗuwar damina. Teloli da masu wanki da masu gidajen abinci sukan buɗe ƙofa da isowar jirage, su rufe da tashinsu, wasu ma su bi su kudu.

Ranar sojan ruwa kuwa, a Manila yake ko a Shanghai, kusan iri ɗaya ce, kuma a nan ne hoton keken ya fi yaudarar mai kallo. Ana tashinsu tun kafin rana ta fito da busa da tsawar mai gadi. A tsofaffin jirage mutum ba shi da gado, tamfol ne mai kauri yake ratayewa a ƙugiya biyu ya kwana a ciki kamar lilo, da safe kuma ya naɗe shi ya ɗaure da igiya bisa ƙa'ida ya kai ma'ajiya, domin wurin da ya kwana nan ne za a sauke tebura a ci abinci. Sai a ba shi kofi, sai wankin daɓen jirgi. A manyan jirage daɓen katako ne, kuma hafsoshi suna son su gan shi fari tas. Sai ka ga samari jere kafaɗa da kafaɗa, ƙafa ba takalmi, an naɗe wando zuwa gwiwa, an watsa yashi da ruwan teku, kowa da ɗan dutse mai laushi a ƙasa da sanda a dafe cikin ramin da ke bayansa, suna turawa gaba da baya tare bisa ƙirga, idan an gama katako ɗaya a matsa na gaba. Bayan nan a goge duk wani abin tagulla har ya yi ƙyalli. Ruwan daɗi kuwa tsada gare shi, don daga ruwan teku ake dafa shi kuma dafawar mai take ci, saboda haka a ƙananan jirage bokiti ne rabon mutum, da shi zai wanke baki, ya yi aski, ya yi wanka, abin da ya saura ya wanke kayansa.

Ƙarfe 8 na safe ake ɗaga tuta, kowa ya tsaya cak ya sara. Daga nan kowa ya nufi sashensa: masu igwa su kwance su shafa mai, masu sigina su yi ta maimaita tutoci da fitila, masu inji su gangara ƙasa, sauran kuma su kama yaƙin da ba ya ƙarewa, wato ƙwanƙwasar tsatsa da shafa fenti. Lokaci da ƙararrawa ake sanin sa, ana buga ta duk rabin awa, bugu ɗaya, biyu, har takwas, wanda ke nuna awa huɗu ta cika, masu gadi su sauka wasu su hau. Gadin ƙarfe 4 zuwa 8 na yamma ne kawai ake rabawa biyu, kuma hikimar hakan ita ce adadin gadi a yini ya zama mara, yadda mutum ɗaya ba zai dawwama a gadin tsakar dare kullum ba. Wanda ya sauka gadi ƙarfe 4 na asuba kuma ba a ɗauke masa aikin safe.

Zafi shi ne babban abokin gabarsu. Ƙaramin jirgin yaƙi tsawonsa bai kai mita 100 ba, siriri ne, ƙarfe ne tsantsa, kuma mutum ɗari da 'yan kai ne a cikinsa. Idan rana ta dafa shi a mashigin Manila, ɗakunan kwana sukan koma kamar tanda, shi ya sa ake kafa rumfar tamfol a sama kowa ya kwaso shimfiɗarsa ya fito. 'Yan ɗakin tukunyar tururi sun fi kowa shan wuya, bayansu sai 'yan jiragen ƙarƙashin teku na wancan ƙirar, waɗanda ba su da na'urar sanyaya iska, gumi da warin man dizal da ƙurajen zafi sun zama abokan zamansu, har idan suna tasha sukan koma cikin Canopus ne su yi wanka su kwana.

Asabar ranar duba ce. Kyaftin zai bi layi ya dubi aski da takalmi da wuyan riga, sannan ya zagaya jirgi lungu-lungu. Akwai kuma gasa ta shekara tsakanin jirage a kan iya harbi da tsimin mai, wadda ake ba masu nasara lambar yabo da ɗan kuɗi. Gasar ta fitar da ƙwararru na gaske, mutanen da suka san injinsu kamar yunwar cikinsu, amma a ganina ta koya wa hafsoshi wata ɗabi'a mai illa: harbi a ruwa kwance, da rana tsaka, kan allon da ake ja a sananniyar tazara, da kashe fitilu da rufe famfo don alƙaluman tsimi su yi kyau. Mai laifi kuma ana gurfanar da shi gaban kyaftin, wanda zai iya hana shi sauka gari, ko ya rage masa igiya, ko ya sa a kulle shi 'yan kwanaki a kan burodi da ruwa.

Yanzu mu zo ga kuɗi, domin a nan amsar tambayarka take. Albashin da a Amurka da ƙyar zai riƙe gwauro, a Sin yana mai da shi mai hali. Kuɗin da ke yawo a tasoshin Sin dalar azurfa ce, wadda sojojin ke kira da sunan Mekziko saboda tsoffin sulallan ƙasar da suka daɗe suna zagayawa a gabas. A farkon shekarun 1930 darajar azurfa ta faɗi, dalar Amurka ɗaya takan kawo huɗu ko fiye. Da Amurka ta yi dokar sayen azurfa a 1934 sai farashinta ya tashi, canjin ya ragu, sojoji suka ji a aljihunsu, Sin kuma ta ji a jikinta fiye da su, har ta bar ma'aunin azurfa a Nuwamban 1935 ta koma kuɗin takarda. Bayan yaƙi da Jafan ya ci ƙasar, kuɗin takardar ya zube, zuwa 1940 dala ɗaya tana kawo fiye da goma. A Filifin kuwa canjin a tsaye yake, feso biyu dala ɗaya. Ma'anar wannan ita ce duk lokacin da talakan Sin ya ƙara shiga uku, sojan da ke karɓar dala yakan ƙara samun sauƙi, kuma bai kamata a ba da labarin fararen kayan nan a tsallake wannan ba.

Ba ma sai da kuɗi a hannu ake ciniki ba. A Shanghai da Chefoo da Hankow Bature yakan rubuta sunansa ne a 'yar takarda, tela ko mai gidan abinci ya ajiye. Ranar albashi sai ka ga kwale-kwale sun kewaye jirgi, masu bin bashi suna jira a bakin tsani da daman takardu a hannu, kowa ya san fuskar wanda yake nema. Sojoji da yawa kafin su taka gari albashin ya ƙare, sai a buɗe sabon shafi. Tela kuma yakan hau jirgi da awo, kwana ɗaya ko biyu ya kawo kayan sarki da suka fi na gwamnati zama a jiki, a cikin bakin hannun rigar ya yi surfanin dodon nan na Sinawa da zaren siliki, wanda ba a gani sai an naɗe hannu. Wannan surfani ya zama shaidar cewa mutum ya yi zaman Sin.

Inda rayuwar ta kai maƙura a bambanci shi ne kogin Yangtze. Tsakanin 1926 da 1928 aka ƙera wa Amurka jiragen sintiri shida a ma'aikatar Kiangnan da ke Shanghai: Guam, Tutuila, Panay, Oahu, Luzon da Mindanao, na ƙarshen ya fi zama a kudu wajen Hong Kong da Canton. Farare ne masu bututu ruwan ƙasa-ƙasa, gindinsu shafaffe, abin da ke nutsewa a ruwa bai kai mita 2 ba, don su iya ratsa wuraren da ruwa ba zurfi lokacin rani. Panay, alal misali, tsawonsa kamar mita 58 ne, da igwa biyu da 'yan bindigogi masu aman wuta, da mutum kusan 60. Daga Shanghai sukan hau zuwa Nanking, su wuce Kiukiang, su kai Hankow, wadda yanzu ɓangare ce ta Wuhan, tafiyar da ta ɗan zarce ta Legas zuwa Kano, sannan Ichang, sannan ƙananan cikinsu su kutsa ta cikin kwazazzabai har Chungking. Jirgi yana iya share watanni daure a gaban gari guda, ba abin da ke motsi sai ruwa.

A cikin waɗannan jirage akwai wasu mutane da ba ka cika ganinsu a hoto ba. Wasu Sinawa an ɗauke su a hukumance a matsayin kuku da masu hidimar hafsoshi, kamar yadda ake ɗaukar 'yan Filifin a sauran jiragen. Amma akwai wasu da yawa da sunansu ba ya cikin kowane littafi, sojojin ne ke haɗa ɗan kuɗi duk wata su biya su. Su ne masu wanki da guga, su ne masu aski, su ke wanke kwanoni, su ke goge tagulla da takalma, su ke tuƙa kwale-kwalen kai mutane gaɓa, a wasu jiragen har ƙazamin aikin ɗakin inji su ke yi. Suna kwana a lungun da ya samu, suna cin ragowar tukunya, kuma da ɗan abin da suke samu suke riƙe iyali a tudu. Saboda haka yaron da a gonar ubansa shi ne mai kwashe kashin shanu, a nan ya wayi gari ana miƙo masa kofi yana kwance. Na daɗe ina tunani a kan wannan, kuma abin da na tsaya a kai shi ne ya yi wa sojojin illa ta fuska biyu. Ya sa wasu sun saki aikin da ya kamata hannunsu ya sani, ya kuma dasa wa da yawa raini ga mutanen da suke zaune a ƙasarsu. Ba duka ba, domin akwai waɗanda suka koyi harshen, suka yi abota ta gaskiya, amma tsarin kansa a kan fifiko aka gina shi, kuma Sinawan da ke tsaye a gaɓa suna kallon jirgin baƙo da igwa a tsakiyar ƙasarsu sun fahimci hakan sarai.

Kogin kuma ba wurin wasa ba ne. A sama da Ichang ruwa yana ratsa tsakanin duwatsu masu tsayi, bambancin cikarsa tsakanin rani da damina a wasu wurare yana haura mita 20, dutsen da jiya ake gani yau yana ƙarƙashin jirgi. Babu kyaftin mai hankali da zai shiga nan ba tare da matuƙi Basine ba, wanda ke tsaye kusa da mai riƙe sitiyari yana karanta fuskar ruwa yana nuni da yatsa. A gefe kuma sojojin suna ganin ɗaruruwan leburori sunkuye, igiyar gora a kafaɗa, suna jan manyan kwale-kwalen kaya a kan siririyar hanyar da aka sassaƙa jikin dutse. Ƙasar a lokacin tana hannun madugan yaƙi da 'yan fashi, harbi daga gaɓa ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ake ɗora 'yan sojoji kaɗan da bindigogi a kan jiragen kasuwancin Amurka su raka su. Wani lokaci abin yakan wuce haka. Ranar 24 ga Maris 1927, da sojojin 'yan kishin ƙasa suka shiga Nanking aka far wa baƙi, jiragen Amurka biyu, Noa da William B. Preston, tare da Emerald na Birtaniya, suka yi ruwan wuta kewaye da tudun da baƙin suka fake, har suka samu suka sauko ta katangar birni da igiyoyi.

Idan aka ba mutum izinin sauka gari, abin da zai yi ya danganta da halinsa. Tun 1 ga Yulin 1914 aka haramta giya a cikin jiragen yaƙin Amurka bisa umarnin sakataren rundunar, Josephus Daniels, alhali Ingilishi na ci gaba da raba wa nasu barasa kullum, don haka masu sha sukan sauka da ƙishirwar makonni. A unguwar Faransawa ta Shanghai akwai wani ɗan lungu na mashaya da ya yi ƙaurin suna wajen faɗa tsakanin sojojin ƙasashe, har suka laƙaba masa sunan lungun jini. Amma ba kowa ke can ba. Ƙungiyar samari Kiristoci ta YMCA a lokacin tana da gidajen sojan ruwa a Shanghai da Chefoo, da ɗakin karatu da wurin rubuta wasiƙa da gado mai tsabta. Wasanni kuma sun riƙe mutane da yawa: dambe, ƙwallon sanda ta Amurkawa, da tseren kwale-kwale tsakanin jirage, wanda ake zuba caca mai yawa a kansa. 'Yan kogi sukan fita farautar agwagwa lokacin sanyi. Da dare kuma a kafa farin kyalle a saman jirgi a nuna majigi, finafinan suna zagayawa daga jirgi zuwa jirgi har sai an haddace su.

Cuta ta fi harsashi ɗaukar mutane a waɗannan shekaru. Akwai kwalara da atini da zazzaɓin cizon sauro da agana. Manoman Sin da bayan gidan mutane suke takin lambu, saboda haka ɗanyen ganye sai an jiƙa shi cikin ruwan magani mai launin shuni kafin a ci, ruwan gari kuma ba a sha sai an tafasa. A ƙaramin jirgin kogi sau da yawa ma'aikacin jinya ɗaya ne likitan kowa, babban asibitin rundunar kuwa yana can Canacao kusa da Cavite. Ciwon sanyi da tunjere sun yi wa wannan runduna katutu fiye da sauran rundunonin Amurka, a zamanin da ba a fara amfani da fenisilin ba, kuma doka ta ɗauki kwanakin jinyar irin wannan ciwo a matsayin laifin mai shi, ana yanke masa albashinsu. Sakamakon haka wasu suka riƙa ɓoyewa suna neman magani a gari, abin da ya ƙara dagula lamarin.

Kaɗaici ne tushen yawancin wannan. Wasiƙa ta jirgin ruwa takan yi makonni uku ko huɗu kafin ta iso gaɓa, wanda ke saman kogi kuma ya ƙara jira. Sai a Nuwamban 1935 jirgin saman Pan American ya fara kai wasiƙu daga San Francisco zuwa Manila cikin mako guda, shi ma kuɗin kan sarkinsa ya fi ƙarfin a yi ta yi kullum. Hafsoshi da manyan masu igiya sukan kawo iyalansu, matan su riƙa bin rundunar arewa da kudu a jiragen fasinja. Ƙaramin soja ba shi da wannan gata. Da yawa sun zauna da matan Sin ko na Filifin, ko kuma 'yan gudun hijirar Rasha da juyin juya halin 1917 ya bari ba ƙasa ba fasfo. Wanda ya auri Basiniya kuma dokokin shige da fice na Amurka, tun daga ta 1882 wadda ba a soke ba sai 1943, sun sa kai ta gida ya zama abu mai wuyar gaske. Shi ya sa wasu suka riƙa sabunta zamansu a gabas karo bayan karo, idan sun cika shekara 20 su yi ritaya a Shanghai ko Chefoo ko Manila su buɗe ɗan gidan abinci. Abokan aikinsu na sauran rundunoni sukan ce irin wannan mutum ya zama ɗan Asiya, wato gida ya fita daga ransa.

Yaƙi bai faɗo musu rana ɗaya ba, shekara huɗu suna zaune a gefensa. A Yulin 1937 faɗa ya ɓarke tsakanin Sin da Jafan, ranar 13 ga Agusta ya iso Shanghai. Augusta, ƙarƙashin tutar Admiral Harry Yarnell, yana daure a kogin Whangpoo a gaban manyan gine-ginen birnin, jiragen yaƙin Jafan suna harbi ba nisa da shi, unguwannin Sinawa suna ci da wuta, gawarwaki suna wucewa bisa ruwa. A cikin jirgin kuwa ba abin da aka sauya, ana goge daɓe, ana ɗaga tuta ƙarfe 8. Da yammacin 20 ga Agusta mutane suka taru a sama, suna jera benci ana shirin majigi, sai harsashin igwar kakkaɓo jirgin sama ya faɗo tsakiyarsu ya fashe. Ya kashe wani saurayi ɗan jihar Louisiana mai suna Freddie Falgout, wanda washegari zai cika shekara 21, ya raunata fiye da 15.

Bayan wata huɗu abin ya kai ga 'yan kogi. Panay ya kwashi ma'aikatan ofishin jakadanci da 'yan jarida daga Nanking, wadda ke gab da faɗuwa, ya matsa sama ya yi anga tare da jiragen mai uku na Standard Oil, da manyan tutocin Amurka a shimfiɗe a samansa yadda mai jirgin sama zai gani. Ranar Lahadi 12 ga Disamba 1937 jiragen saman Jafan suka yi masa ruwan bama-bamai har ya nutse. Sojoji biyu suka mutu, da wani ɗan jarida ɗan Italiya, da kyaftin ɗin ɗaya daga jiragen man, waɗanda suka tsira kuma suka ɓuya cikin kyauro a bakin kogi, suka ɗauki raunanansu a ƙafa, ƙauyawan Sin suna taimakonsu. Jafan ta ce kuskure ne, ta ba da haƙuri, a Afrilun 1938 ta biya diyyar dala miliyan 2 da dubu 214 da 'yan kai. Daga nan sintirin ya zama suna kawai, Jafan ce ke cewa wa zai wuce a kogin, Tutuila ma da ya raka jakadan Amurka Chungking bai sake samun hanyar saukowa ba.

Admiral Thomas Hart, wanda ya karɓi rundunar a 1939, ya ga inda aka dosa. A ƙarshen 1940 ya ba da umarnin a mayar da matan sojoji da 'ya'yansu Amurka, umarnin da ya jawo masa baƙin jini a lokacin, ya kuma tattara manyan jirage a Filifin, zuwa Chefoo da Tsingtao ya ƙare. An ƙaro masa jiragen ƙarƙashin teku har suka kai 29, an tsananta atisaye, amma sauran jiragen dai tsofaffin nan ne, ba isassun igwogin kare kai daga sama. A ƙarshen Nuwamban 1941 sojojin ƙundumbala na ruwa da ke Shanghai tun 1927 suka tashi, Luzon da Oahu kuma, waɗanda ba a ƙera su don teku ba, aka toshe tagoginsu da katako suka ratsa guguwa zuwa Manila. Guam, wanda aka sake wa suna Wake, aka bar shi a Shanghai da mutane 'yan ƙalilan yana aikin rediyo, kuma da asubar 8 ga Disamba, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Jafan, Jafanawa suka hau shi suka kama ba tare da an yi harbi ba. Ranar 10 ga wata aka ƙone Cavite daga sama. Canopus ya ci gaba da gyaran makamai a gaɓar Bataan ta Filifin har Afrilun 1942, lokacin da mutanensa suka nutsar da shi da hannunsu. Houston kuwa ya nutse a mashigin Sunda na Indonesiya ta yau jim kaɗan bayan tsakar dare, wayewar garin 1 ga Maris 1942, kuma cikin mutum fiye da 1,000 da ke cikinsa 368 ne suka kai gaɓa, aka kama su, aka tura da yawansu aikin shimfiɗa layin dogo tsakanin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, da Tailan.